Daga Tashin Makaranta Zuwa Kwanciya Barci: Darasi Daga Birnin Reykjavik

Muna gabatar wa 'yan'uwa masu karatu da wata mas'ala wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, amma har yanzu ba a ba ta matsayin da ya dace da ita ba. Mas'alar kuwa ita ce: wane ne ke da alhakin yaro daga lokacin da aka kaɗa ƙararrawar tashi daga makaranta har zuwa lokacin da zai kwanta barci?

Mu yi lissafi mai sauƙi. Yaron da ya shiga aji da ƙarfe 8 na safe, aka tashe shi da ƙarfe 2 na rana, ya yi awa 6 ke nan a hannun malamai. Daga nan zuwa ƙarfe 10 na dare kuwa awa 8 ne cur. Wato sa'o'in da ba a yi wa tsari ba sun fi waɗanda aka yi wa tsari yawa, ba a ma sa ranakun ƙarshen mako da na hutu a cikin lissafin ba. Sa'o'in safe suna da ma'aikata, da manhaja, da kasafin kuɗi, da masu sa ido, da jarrabawa. Sa'o'in yamma ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Uba yana kasuwa ko wurin aiki, uwa tana fama da hidimar gida da ƙanne, malami ya sauke nauyinsa ya kama gabansa. A cikin wannan giɓi ne yaro yake haɗuwa da abokin da zai fara miƙa masa karan taba, ko ya nuna masa lungun da ake sayar da ƙwaya. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da muke son tabbatarwa a wannan sharhi shi ne, waɗannan sa'o'i nauyi ne a kan gari gaba ɗayansa, kuma faɗakarwa ita kaɗai ba ta sauke wannan nauyi. Sai an ƙidaya, an tsara, an kashe dukiya, an kuma dawwama a kan aikin. Hujjarmu a kan haka wani birni ne da ya jarraba wannan hanya sama da shekara ashirin, ya kuma ajiye alƙaluman da kowa zai iya dubawa.

Halin da birnin ya shiga

Da yawa daga cikin masu karatu ba su san ƙasar Ayislan ba sai a ranar 22 ga Yuni, 2018, lokacin da Nijeriya ta doke ta da ci 2 da nema a gasar cin kofin duniya a ƙasar Rasha, Ahmed Musa ne kuma ya ci ƙwallayen duka biyun. Tsibiri ne a can arewacin tekun Atlantika, mutanensa ba su cika dubu 400 ba, babban birninsa kuwa shi ne Reykjavik. A tsakiyar hunturu hasken rana a wannan birni ba ya wuce kamar awa 4, a tsakiyar bazararsu kuma dare kusan ba ya yi. Mutane da dama sun yi mamakin yadda 'yar ƙaramar ƙasa irin wannan ta kai ga gasar duniya. Wani ɓangare na amsar yana cikin labarin da za mu bayar.

A shekarun 1990 matasan Ayislan suna cikin waɗanda suka fi shan giya a nahiyar Turai. Waɗanda suka shaida zamanin suna ba da labarin yadda tsakiyar birnin Reykjavik ke cika da yara a buge a daren Juma'a, har manya suna shakkar bi ta wurin. A shekarar 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun amsa cewa sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Kashi 23 cikin 100 suna shan sigari kullum. Kashi 17 cikin 100 sun taɓa shan wiwi.

Kada mai karatu ya zaci hukumomi sun naɗe hannu ne a lokacin. An yi ta shirye-shiryen wayar da kai, ana shiga azuzuwa ana bayyana wa ɗalibai illar giya da ƙwaya. Yaran sun saurara, sun kuma fahimta, amma da yamma ta yi sai su koma inda suka saba, domin babu wani wurin da ke jiran su. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, musamman ga irinmu da muka ɗauki faɗakarwa a matsayin babban makaminmu. Sanin illar abu daban, samun abin da zai maye gurbinsa daban.

Ƙidaya kafin magani

Abin da ya fara sauya al'amari tambaya ce. A shekarar 1992 aka raba wa 'yan shekara 14, 15 da 16 a dukkan makarantun ƙasar takardar tambayoyi wadda ba a rubuta suna a kanta. An tambaye su ko sun taɓa shan giya, ko suna shan taba, tsawon lokacin da suke yi tare da iyayensu, da irin abin da suke yi bayan tashi daga makaranta. Aka maimaita wannan a 1995 da 1997. Daga baya, a 1999, aka kafa cibiyar bincike ta musamman mai suna Rannsóknir og greining domin ci gaba da aikin, a ƙarƙashin jagorancin masaniyar zamantakewa Inga Dóra Sigfúsdóttir da abokan aikinta.

Da aka tace amsoshin, sai abubuwa huɗu suka bayyana a matsayin garkuwa ga yaro. Na farko, shiga wani aiki mai tsari, musamman wasannin motsa jiki, sau uku ko huɗu a mako. Na biyu, yawan lokacin da yake yi tare da iyayensa a ranakun mako. Na uku, ya ji a ransa cewa akwai wanda ya damu da shi a makaranta. Na huɗu, kada dare ya yi masa a waje. Babu wani dattijo a unguwanninmu da zai ji waɗannan abubuwa huɗu ya ce baƙi ne a gare shi. Bambancin shi ne, su sun mayar da abin da kowa ya sani ya zama alƙaluma, makaranta-makaranta, unguwa-unguwa, yadda babu mai iya cewa matsalar ta 'ya'yan wasu ce.

An kuma amfana da tunanin wani masanin halayyar ɗan Adam daga Amurka, Harvey Milkman, wanda aka gayyata zuwa ƙasar a 1991. Ra'ayinsa shi ne, matashin da ke shaye-shaye yana neman wani sauyi ne a cikin ransa: wani yana neman abin da zai motsa shi, wani yana neman abin da zai kwantar masa da damuwa. Idan aka ba shi hanyar samun wannan sauyi ta aiki mai kyau wanda zai ƙware a kai, buƙatar ƙwaya za ta ragu. A birnin Denver ya jarraba haka da matasa masu matsala, ba tare da an ce musu marasa lafiya ne da za a yi wa magani ba. An gayyace su ne su zo su koyi abin da ransu ke so. Mutanen Ayislan sai suka ce, me zai sa a jira sai yaro ya faɗa rami? A yi wa dukkan yaran gari, tun kafin su fara. Rigakafi ya fi magani.

Matakan da aka ɗauka

Mataki na farko doka ce. A ƙasar ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ba a sayar wa wanda bai kai 20 ba giya, an kuma hana tallarsu. Dokar kare yara ta shekarar 2002 ta ƙayyade cewa ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba zai kasance a waje bayan ƙarfe 8 na dare ba sai tare da babba, ɗan shekara 13 zuwa 16 kuwa bayan ƙarfe 10, sai fa idan yana kan hanyar komawa gida daga taron makaranta ko na wasanni ko na matasa da aka amince da shi. Daga 1 ga Mayu zuwa 1 ga Satumba ana ƙara awa 2.

Mataki na biyu iyaye ne. An ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye a makarantu, kuma ƙungiyar iyaye ta ƙasa mai suna Heimili og skóli, wato Gida da Makaranta, ta fito da takardar alkawari wadda iyayen 'yan aji ɗaya ke tattaunawa su sa hannu tare. Suna alkawarin ba za su bar yara su yi shagali a gida babu babba ba, ba za su saya wa yaro giya ba, za su san abokan 'ya'yansu da iyayen abokan, za su kuma kula da 'ya'yan juna. Hikimar abin a fili take: yaro ba zai ƙara cewa ai duk abokaina an bar su ba, domin iyayen abokan nasa sun sa hannu a takarda ɗaya da nasa. Haka kuma iyaye kan fita rukuni-rukuni da dare, musamman a ƙarshen mako, suna zagaya unguwa a ƙafa. Ba sa duka, ba sa kamu. Ganinsu kawai da gaisuwarsu sun isa su tuna wa yaro cewa unguwar tana da masu ita.

Mataki na uku, wanda shi ne ƙashin bayan shirin, shi ne cika sa'o'in da abin yi. Gwamnati da hukumomin birane suka ƙara kuɗin da ake ba ƙungiyoyin wasanni da na fasaha. Daga shekarar 2000 aka shiga gina manyan ɗakunan ƙwallo masu rufi domin kada sanyi ya hana atisaye, aka kuma dage a kan cewa mai horar da yara, ko da 'yan ƙanana ne, ya zama ya yi kwas ya sami shaida. Birnin Reykjavik yana da wuraren da 'yan shekara 6 zuwa 9 ke zama bayan tashi daga aji har yamma a hannun ma'aikata, da cibiyoyin matasa na 'yan shekara 10 zuwa 16 a unguwanni.

Sai kuma a shekarar 2007 hukumar birnin ta fito da abin da ya fi shahara a cikin shirin, wato katin ayyukan bayan makaranta. Kowane yaro ɗan shekara 6 zuwa 18 da ke zaune a birnin yana da wani kaso na kuɗi a kowace shekara. An ɗaga kason zuwa krona 50,000 a 2017, sannan zuwa krona 75,000 a 2023. Kuɗin ba ya shiga aljihun uba ko uwa. Iyaye suna zaɓar ƙungiyar da yaro zai shiga daga cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da birnin, sai a tura kuɗin kai tsaye zuwa ga ƙungiyar. Ta haka aka jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya: an rage wa talaka nauyi, an tilasta wa ƙungiyoyi su kyautata aikinsu domin a zaɓe su, an kuma sami rajistar da ke nuna wane yaro ne yake ina, wane ne kuma ba ya ko'ina.

Mataki na huɗu shi ne ba a daina tambaya ba. Ana ci gaba da raba takardun tambayoyin nan a kai a kai, ana mayar wa kowace makaranta da kowace hukumar gari nata sakamakon cikin 'yan watanni kaɗan, tun bayanin bai tsufa ba. Shugaban makaranta da iyaye da masu horarwa sai su zauna a kan alƙaluman unguwarsu, su ga inda ɓaraka ta kunno kai.

Natijar da aka samu

Zuwa shekarar 2016, adadin 'yan shekara 15 zuwa 16 da suka bugu a cikin watan da ya gabata ya sauko daga kashi 42 zuwa kashi 5 cikin 100. Masu shan sigari kullum sun sauko daga kashi 23 zuwa kashi 3. Waɗanda suka taɓa shan wiwi sun sauko daga kashi 17 zuwa kashi 7. A tsakanin 1997 da 2012, waɗanda suka ce sukan yi zama da iyayensu a ranakun mako sun ninka, daga kashi 23 zuwa kashi 46, masu yin wasanni masu tsari aƙalla sau 4 a mako kuma sun tashi daga kashi 24 zuwa kashi 42. Daga 2006 wasu biranen Turai suka fara ɗaukar tsarin, irin su Kaunas a ƙasar Lituweniya, daga baya ya kai har ƙasar Chile a Kudancin Amurka.

Inda ya kamata a yi hattara

Amana ta ilmi ta wajabta mana mu faɗi ɗaya ɓangaren. Da farko, Ayislan ƙasa ce mai arziki, mai ƙarancin jama'a. Mutanenta gaba ɗaya ba su kai na wasu ƙananan hukumomin cikin birnin Kano ba. Abin da ya yi sauƙi a can zai yi nauyi a wani wuri.

Na biyu, shan giya da taba a tsakanin matasa ya ragu a ƙasashen Turai da dama a cikin waɗannan shekaru, har da waɗanda ba su bi wannan tsari ba, ko da yake raguwar Ayislan tana cikin mafi girma. Saboda haka masana suna jayayya a kan gwargwadon rabon kowane mataki a cikin nasarar.

Na uku, katin bai isa ga kowa daidai wa daida ba. A unguwar Breiðholt, inda masu ƙaramin ƙarfi da baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar suka fi yawa, amfani da shi ya yi ƙasa da na sauran unguwanni. Kuɗin wasu ƙungiyoyin ya fi abin da ke cikin katin, wasu iyayen kuma harshe da rashin sanin hanya sun tsaya musu. Wannan darasi ne babba: idan aka buɗe ƙofa aka zauna jira, ɗan mai hali ne zai fara shiga. Ɗan talaka sai an je an kamo hannunsa.

Na huɗu, da aka toshe wata kafa sai wata ta ɓulle. Sigarin lantarki, da ƙunshin nikotin da ake sawa a ƙarƙashin leɓe, da lemukan ƙara kuzari, da raba dare a kan waya, duk sun zama sababbin abubuwan damuwa. Fa'idar tsarin ita ce, tambayoyin da ake yi a kai a kai suna nuna sabuwar cuta tun tana ƙarama.

Na biyar, ba dukkan abin da suka cika sa'o'in 'ya'yansu da shi ne za mu yarda da shi ga namu ba. Kowace al'umma da mizaninta. Abin ɗauka shi ne tsarin, abin da za a zuba a cikinsa kuwa namu ne mu zaɓa.

Me ya shafe mu?

Mun yi nisa, bari mu dawo gida, domin cutar da ta sa mutanen Reykjavik suka tashi tsaye tana nan a ƙofar gidajenmu, sai dai da wata kama. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, kimanin mutum miliyan 14.3, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa maza da mata suka mayar da shi abin maye. Duk wanda ke zaune a manyan biranenmu ya san labarin daba da ƙwacen waya. An yi kamu, an yi haramci, an yi wa'azi, kuma dukkansu suna da muhallinsu. Amma yaron da aka ƙwace wa kwalba aka mayar da shi bakin titi ya zauna daga azahar zuwa isha ba shi da abin yi, gobe zai nemo wata kwalbar.

Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin abubuwan da Reykjavik ta saya da kuɗi, mu mun gaje su kyauta. Muna da makarantun allo da na Islamiyya da na dare, waɗanda tun asali a sa'o'in nan na yamma suke aiki. Muna da al'adar kai yaro wurin ubangida ya koyi ɗinki, ko kafinta, ko ƙira, ko gyaran mota, ko ciniki. Muna da masu unguwanni da dagatai da limamai da suka san gida-gida. Muna da masallatan da maƙwabta ke haɗuwa a cikinsu sau biyar a yini. Muna kuma da karin maganar da ke cewa ɗa na kowa ne.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce kowa gashin kansa yake yi, kuma babu mai ƙidaya. A nan ba za mu nuna kowa da yatsa ba kafin mu nuna kanmu. Mun gina makarantu, mun shirya musabaƙu, mun cika filaye da wa'azi, muna kuma gode wa Allah a kan haka. Amma wane reshe ne daga cikin rassanmu zai iya faɗin adadin 'yan shekara 14 da ke unguwarsa, da nawa ne daga cikinsu ba sa zuwa ko'ina tsakanin la'asar da isha? Duk malamin Islamiyya ya san azuzuwan ƙanana a cike suke maƙil, amma da yaro namiji ya fara zama saurayi sai a neme shi a rasa. Muna rasa su ne daidai shekarun da suka fi buƙatarmu. Yarinya kuma sau da yawa farantin talla ne ke cinye mata yammacinta. Malamin da ke riƙe da yara masu yawa, abin da ake ba shi a wata ba ya kai shi mako. Filayen da yaran unguwa ke buga ƙwallo kuwa, har da na cikin makarantu, da yawa an yanka su an yi shaguna.

Akwai kuma wani cikas na tsarin mulki. Reykjavik tana da hukumar birni guda ɗaya, da magajin gari ɗaya, da kasafi ɗaya. Birnin Kano kuwa a rarrabe yake tsakanin ƙananan hukumomi 8: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Yaro yana kwana a wata, yana karatu a wata, yana yawo a wata. Haka lamarin yake a Kaduna da Sakkwato da sauran manyan garuruwa. Ke nan aikin gari gaba ɗaya ba zai zo da kansa ba, sai an ƙulla shi da gangan.

Kiranmu

Na ɗaya, a fara da ƙidaya. Muna kira ga sassan nazarin zamantakewa da na ilmi a jami'o'inmu, irin su Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su tsara tambayoyi da Hausa waɗanda ba a sa suna, a kai su makarantun boko da na Islamiyya da tsangayu da wuraren sana'a, a riƙa maimaitawa, a kuma mayar wa kowace unguwa da sakamakonta. Kafin wannan ya tabbata, kowane reshe namu yana iya ɗaukar littafi da alƙalami, tare da izinin mai unguwa, ya san yaran layinsa.

Na biyu, a kafa majalisar haɗin gwiwa a kowane birni, wadda za ta tattaro ƙananan hukumomi, da ma'aikatun ilmi da na matasa, da masarauta, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a, da ƙungiyoyin addini. Muna faɗa da babbar murya: har da waɗanda muke da saɓani da su a wasu mas'aloli. Dillalin ƙwaya ba ya tambayar yaro masallacin da ubansa ke salla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, a buɗe makarantun gwamnati da yamma. Gine-ginen suna nan a kulle rabin yini, alhali yara suna gararamba a bayan katangarsu. A kuma kafa doka mai ƙarfi da za ta hana yanka filin makaranta ko filin wasan unguwa.

Na huɗu, a kafa asusu wanda gwamnati da attajirai da masu yin waƙafi za su riƙa zubawa, bisa ƙa'idar katin Reykjavik: kuɗi ya bi yaro zuwa hannun malami ko mai horarwa ko ubangidan sana'a da aka yi wa rajista, a biya bisa ga littafin halarta, a kuma bayyana lissafi ga jama'a. A fara da marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, a je a same su har gida.

Na biyar, mu sake duba abin da makarantunmu na yamma ke tanadar wa 'yan shekara 12 zuwa 18. Saurayi mai jini a jika ba zai zauna a tabarma ɗaya da ƙannensa ba. A ware musu nasu zama, a haɗa karatu da ƙwallo da guje-guje, da koyon sana'a da kwamfuta, da muhawara, da aikin agaji, da ɗakin karatu. 'Yan mata su sami nasu wuri mai aminci a hannun malamai mata. A kuma horar da masu kula da su, a tantance halinsu, a biya su haƙƙinsu.

Na shida, iyayen kowane layi su zauna su yi ittifaƙi a kan lokacin shiga gida, su riƙa zagayawa da dare bi da bi, babu sanda, babu gora, babu tozartawa. Sannan kowane uba ya tambayi kansa: a cikin makon nan, sau nawa na zauna da ɗana muka ci abinci a kwano ɗaya, na ji abin da ke ransa? Wannan mataki ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko sa hannun gwamna.

Daga ƙarshe muna tunatar da 'yan'uwa cewa tsakanin 1998 da 2016 shekara 18 ce. A cikinsu an yi ta canjin gwamnatoci da magadan gari, ƙasar ta kuma shiga mummunan rikicin tattalin arziki a 2008, amma ba a watsar da aikin ba. Wanda ke neman abin da zai ƙaddamar yau a ɗauki hotonsa gobe, wannan ba aikinsa ba ne. Yaron da ke aji ɗaya na firamare a bana, nan da shekara goma zai zama saurayi, ko mun shirya masa ko ba mu shirya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon kowane reshe ya sa wannan batu a cikin ajandar zamansa na wata mai zuwa, ya kuma aiko mana da abin da ya gano a unguwarsa domin mu buga, sauran 'yan'uwa su amfana. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana.